Me ya kai mutane zama a ƙoƙuwar tsaunukan Alps?

Tambaya: Malam, ina ganin hotunan wasu ƙananan ƙauyuka a tsaunukan Turai, dusar ƙanƙara ta kusa binne gidajensu. Me ya kai kakanninsu can, kuma da me suka rayu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, neman ƙasa da 'yanci ne ya kai da yawansu. A ƙarni na 13 mutanen da ake kira Walser suka bar kwarin Valais na Suwizalan, suka watsu cikin tuddan da kowa ya ƙi. Masu mulkin yankunan suka sassauta musu haraji, suka bar su su zaɓi shugabanninsu, in dai za su raya dajin. Ƙauyensu Juf yana kan tsayin mita 2,126, inda itace ba ya tsiro, har a da busasshen kashin dabbobi suke hura wuta da shi.

Rayuwar kuwa a kan saniya ta rataya. Da ɗumi ya shigo sai a haura da shanu makiyayar saman dutse, a yi ta tatsa ana cuku, sauran jama'a na ƙasa suna yankan ingirici. Wanda bai tara ciyawa ba, shanunsa ba za su ga ƙarshen hunturu ba. Hatsi kuma a da a rumbun katako ake adana shi, an ɗora shi kan ƙafafu, kowace ƙafa da faffaɗan dutse a kanta don ɓera ya rasa hanyar hawa, kusan yadda muke ɗaga namu rumbun.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙauyen Törbel. A 1483 mutanensa suka rubuta yarjejeniya kan makiyaya da daji da ruwan da suka mallaka tare. A 1517 suka ƙara doka: kada kowa ya kai shanu hurumin gari fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu, wanda ya karya kuma a ci shi tara. Da haka mai garke bai cinye rabon mai saniya biyu ba, ciyawa kuma ba ta ƙare ba. Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta kafa hujja da ƙauyen nan cewa talakawa na iya tsare dukiyar gamayya da kansu.

Yau matasa da yawa sun gangara birane, baƙi masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da ƙauyuka da dama. Amma har yanzu duk kaka ana sauko da shanu da ƙararrawa a wuya, an yi musu ado da furanni.