Amsoshin Tambayoyinku: Shekarar Farko a Karatun Injiniya

Masu sauraro, ga wasiƙar Aminu daga Funtuwa. Ya ce ya samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, amma karatu ya sha masa kai: lakca da yawa, ɗalibai maƙil a zaure, kuma babu malamin da ke bibiyarsa kamar a sakandare. Yana tambaya, yaya zai yi?

To Malam Aminu, muna taya ka murna. Ka kwantar da hankalinka, yawancin sababbin ɗalibai haka suke farawa.

Karatun injiniya a Najeriya shekara 5 ne, shekarar farko kuwa ta aza harsashi ce. Lissafi, fizis da kemistiri za ka fi yi. Lissafin nan, Malam Aminu, ba a haddace shi. Ka ɗauki biro da takarda kullum ka warware tambayoyi da hannunka, ko da biyar ne bayan sallar Asuba.

Ka riƙa zuwa lakca da wuri, ka zauna a gaba inda za ka ji malami ka ga allo. Kada ka raina gwaji da aikin gida, domin makinsu yana shiga sakamakon semesta, kuma sakamakon shekarar farko yana bin ɗalibi har ranar kammalawa.

Ka nemi abokan karatu biyu ko uku masu himma. Ka kusanci ɗaliban manyan ajujuwa, su ba ka tsofaffin takardun jarrabawa. Abin da ya shige maka duhu, ka tambaya a makon, kada ka bari ya taru. Ka kuma samu isasshen barci.

Allah Ya ba da sa'a, Malam Aminu.