Tsallake Kalma a Turanci: Inda Mai Tunani da Hausa Yake Tuntuɓe

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tare Keke Napep a bakin titi a unguwarmu ta Damilu da ke Jimeta ya san ba a ɓata yawu wajen ciniki. Mai keke zai ce, "Ina?" Ka ce, "Babbar kasuwa." Ya ce, "Mutum nawa?" Ka ce, "Biyu." Babu cikakkiyar jimla ko ɗaya a wannan zance, amma kowa ya gane ɗan'uwansa. Wannan shi ne abin da masana nahawun Turanci suke kira ellipsis, kalmar da ta samo asali daga Girkanci. A wannan muƙala zan kira shi tsallake, wato barin wata kalma ko wani yanki na jimla saboda mai sauraro zai iya cike gurbin da kansa. Halliday da Hasan, a littafinsu Cohesion in English na 1976, sun kasa shi gida uku: na suna, na aikatau da na ganga. Na biyun zan fi mayar da hankali a kai, don shi ya taɓa kunyata ni.

Ni Fulatanci na sha a nono. Hausa kuwa a layi na tsince ta, kafin na zo jami'a na karance ta. Amma duk sanda zan yi Turanci, da Hausa nake fara ƙera jimlar a zuci. Muna aji ɗaya wata rana malamin Turanci ya tambaye ni, "Did you buy the book?" Na miƙe na ce, "Yes sir, I bought." Ya ce, "You bought what?" Aji ya kwashe da dariya. Sai da na shiga darasin ginin jimlar Hausa na gane dalilin kuskuren.

Abin da kowane harshe yake jefarwa

Dubi wannan tambaya da amsarta a harsunan biyu:

Ka sayi littafin? I, na saya.
Did you buy the book? Yes, I did.

Hausa ta jefar da karɓau, ta riƙe aikatau. Turanci ya jefar da aikatau da karɓau baki ɗaya, ya bar mataimakin aikatau tsaye a gurbinsu. Bahaushe ba ya cewa "I, na" ya yi shiru, haka Bature ba ya cewa "I bought" ya yi shiru.

Abin sha'awa shi ne, aikatau na Hausa yana nuna alamar abin da aka cire. Aikatau ɗan giredi na biyu, a rabon da Parsons ya yi a 1960, yana sauya wasalin ƙarshe: na sayi littafi, na saye shi, na saya. Haka nan a lokaci mai ci: "Kana karanta littafin?" "Ina karantawa." Wannan "wa" ba ta fitowa sai an ɗauke karɓau. Wato Hausa tana da hanyar rufe gurbin, shi ya sa kunnenmu ba ya jin giɓi. Aikatau na Turanci irin su buy, bring da take ba su da wannan dabara, dole mataimaki ya ɗauki nauyin.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: nemi mataimakin da ke cikin jimlar farko ka tsaya a kansa. In babu shi, ka ɗauko do, does ko did.

She can drive but I can't.
They have paid and we have too.
Musa left early and so did Binta.

A lura da ƙananan tarkuna biyu. Ba a gajarta mataimaki a ƙarshen jimla mai tabbatarwa: "Yes, I am" ake cewa, ba "Yes, I'm" ba. Sannan inda muke cewa "Ban zo ba, amma na so", Turanci yana buƙatar a bar to a rataye: "I didn't come, but I wanted to."

Akwai aikatau ƙalilan da suke yarda a bar su babu karɓau, kamar eat da drink, amma a yi hattara. In aka tambaye ka ko babanka yana shan kunun gyaɗa ka ce "Yes, he drinks", to ka jefa dattijo cikin mashaya giya ba ka sani ba. "Yes, he does" ya wadatar.

Tambaya mai korewa

Nan ne tsallake yake iya jawo asara ta gaske. In aka ce wa Bahaushe, "Ba ka biya ba?" zai ce, "I, ban biya ba." Wannan "I" tana gaskata mai tambaya ne. A Turanci kuwa yes da no suna bin abin da ya faru: "Haven't you paid?" amsarta "No, I haven't" in ba ka biya ba, "Yes, I have" in ka biya. Wanda ya tsallake komai ya ce "Yes" kawai, da nufin bai biya ba, ya faɗi kishiyar abin da ke ransa. A gaban likita ko wajen rajista wannan ba abin dariya ba ne. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce kada a taɓa amsa irin wannan tambaya da kalma ɗaya, a riƙa haɗawa da mataimakin.

Inda harsunan suka yi kusa

Ba ko'ina ake rigima ba. "Musa ya sayi shinkafa, Audu kuma wake" daidai take da "Musa bought rice and Audu beans." "Wannan ta Binta ce" ita ce "This is Binta's." Sai dai in mai shago ya ce, "Wace riga kake so?" kana iya cewa "Farar", amma a Turanci an fi son "the white one". Haka kuma "Someone called but I don't know who" tana ƙarewa a kan who, alhali mu sai mun kawo dirka: ban san ko wane ne ba.

Wani wuri kuma Hausa ta fi Turanci fayyace magana. "Aisha likes Binta more than Hauwa" tana da fuska biyu, kuma mai fassara dole ya zaɓi ɗaya: ko dai A'isha ta fi Hauwa son Binta, ko kuwa A'isha ta fi son Binta a kan Hauwa. In ma'anar farko ake nufi, a ƙara does a ƙarshe, shubuha ta kau.

A rubutun jarrabawa

Irin tsallaken da muke yi a WhatsApp, kamar "Hope you are fine" ko "Seen him?", Turanci ne na hira, ba laifi. Amma ba a kai shi cikin wasiƙar neman aiki ko kundin digiri. Mai duba takarda kuma yana kama wani kuskure da ko 'yan asalin harshen suna yinsa: "He has never and will never cheat." Kalmar da aka tsallake bayan has never ita ce cheated, wadda ta rage kuwa cheat ce, ba su dace ba. Gyararriyar ita ce "He has never cheated and never will." Ni yanzu duk inda na bar gurbi a rubutu, sai na mayar da kalmar a zuci na karanta jimlar, in ta zauna daram sannan na sake cire ta.