Noman Ayaba: Darasin Da Na Koya A Lambun Kawuna

A hutun da ya biyo bayan shekarata ta farko a sashen koyon aikin gona, na roƙi kawuna ya ba ni wani ɓangare na lambunsa da ke bakin fadama. Na dasa 'ya'yan ayaba arba'in da kuɗin da na tara. Bayan wata goma sha huɗu, tara kaɗai suka ba ni abin da zan iya kai wa kasuwa. Rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa na ga ya dace in ba ku abin da na koya.

Da farko, ayaba ba itace ba ce. Abin da muke gani kamar gangar jiki ganyaye ne suka naɗe juna. Ainihin jikinta yana ƙarƙashin ƙasa, kuma daga nan 'ya'ya ke tsirowa. Kowace uwa sau ɗaya take haihuwa, sai a sare ta, 'yarta ta gaje ta. Asalinta daga kudu maso gabashin Asiya ne, don haka zafi da danshi take so: zafin da ke tsakanin digiri 26 zuwa 30, da ruwan da ba ya yankewa. Mu da damina ke yi mana 'yan watanni, dole sai da ban ruwa.

Kuskurena na farko wajen zaɓen iri ne. Na riƙa ɗaukar 'ya'ya masu faffaɗan ganye, don a ido sun fi kyau. Ashe su ne marasa ƙarfi. Wanda ake so shi ne mai siririn ganye kamar takobi, mai kaurin gindi. Kafin a dasa, a fere saiwoyin da wuƙa, a tsoma gindin cikin ruwan zafi mai kimanin digiri 55 na minti 20, don kashe tsutsotsin da ke cin saiwa. Ni ban yi ko ɗaya ba.

Sai rami. A haƙa mai zurfi da faɗin kusan santimita 60, a gauraya ƙasar sama da takin gargajiya wanda ya ruɓe sosai. Idan aka bar mita 3 tsakanin layi da layi, mita 2 tsakanin tushe da tushe, hekta ɗaya za ta ɗauki tushe 1,666. Ayaba na cin sinadarin fotashiyam da yawa, don haka toka da taki ba sa yi mata yawa. Tana son ruwa, amma idan ya kwanta a gindinta saiwa ruɓewa take yi.

Kuskure na biyu: na bar kowane tushe ya tara 'ya'ya shida, bakwai, ina murna wai gona ta cika. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, gidan da baki ya yi yawa, tuwo ba ya isa." A bar uku kawai: uwa, 'ya da jika. Sannan ga hunturu, wanda iskarsa ke yayyaga ganye. A kare gonar da shinge, a rufe gindi da busasshiyar ciyawa, a tokare uwar da sanda idan nonon ya yi nauyi.

To, ina ribar? Indiya ce ta fi kowace ƙasa noman ayaba, Ekwado kuma ta fi kowa fitar da ita waje. A Yuganda, ayabar dafawa da suke kira matoke ita ce tuwonsu. A nan gida, duk wanda ya leƙa kasuwar 'Yan Lemo a Kano ya ga manyan motoci na sauke ayaba da agada daga kudu. Tafiyar na da nisa, kuɗin mota na da yawa, wani kayan kuma a hanya yake lalacewa. Wanda ya noma kusa da kasuwa ya tsallake wannan asara. Kuma ayaba ba ta da lokacin girbi guda. Idan ka rarraba dashe, kusan kowane wata kana da abin sayarwa. Ga soyayyar agada ta leda, ga garin agada, ga ganye da ɓawo na dabbobi.

Amma a yi hattara da abu biyu. Na farko cuta. A shekarun 1950 cutar Panama ta durƙusar da irin Gros Michel da duniya ke ci, aka koma Cavendish. Yanzu wani sabon nau'in cutar na kama Cavendish ɗin ma. An same shi a Mozambik a 2013, da Kolombiya a 2019. Cutar a cikin ƙasa take zama shekaru, kuma 'ya'yan dashe na yaɗa ta. Don haka kar ka karɓi iri daga gonar da ba ka sani ba. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta daɗe tana aikin inganta irin ayaba da agada, kuma malaman gona za su iya nuna maka hanya.

Na biyu, nunar da ayaba da kabayit. Wallahi wannan cutar da jama'a ne, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Ayaba da kanta take fitar da iskar da ke nunar da ita. Ka rufe ɗanya tare da 'yan nunannu a ɗaki, cikin kwanaki za ta yi.

Bara na sake dasa arba'in bisa wannan ƙa'ida, kuma mafi yawansu sun yi nono. Daga ciki na biya kuɗin rajistar wannan zango. Mu da ke jiran takardar difloma, kowa ya san yadda neman aiki yake. Idan akwai fili da ruwa a gidanku, ka fara da tushe goma a wannan hutun.