Barkwanci a Matsayin Hanyar Kore Baƙunta a Taron Hausawa

Duk inda aka tara mutanen da ba su san juna ba, abu na farko da kan sauka a wurin shi ne shiru. Kowa ya kame bakinsa yana auna na kusa da shi. Turawa sun ƙago wa wannan matsala magani na musamman, watau 'yan wasannin da akan buɗe liyafa da su. Alal misali, akan sa kowane baƙo ya faɗi sunansa, sa'an nan ya kawo maganganu uku game da kansa, biyu gaskiya ɗaya ƙarya, sauran jama'a su cinko ƙaryar. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda Bahaushe yake biyan wannan bukata ta tasa hanyar.

Irin wancan wasa na Turawa ba ya zama daram a zauren Bahaushe, dalili kuwa kunya. Tarbiyyar Hausa ba ta yarda mutum ya miƙe gaban manya yana ba da labarin kansa ba, balle a ce suruki da surukinsa su zauna suna cinkar ƙaryar juna. Akwai ma sunayen da ba a kamawa: mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa kuma takan ɓoye na ɗanta na fari. Wasan da ginshiƙinsa shi ne ambaton suna, ashe tun daga tushe ya ci karo da al'ada.

Saboda haka da an gama gaisuwa, Bahaushe yakan tambayi baƙo garinsu tun kafin ya nemi sanin sunansa. Ba don gulma ake wannan tambaya ba, ana laluben abokin wasa ne. In Bakano ya ji baƙon nan Bazazzagi ne, to, an gama. Nan take zai fara zolayarsa kamar tare suka tashi, shi kuma ya rama, 'yan kallo su yi ta dariya. Haka abin yake tsakanin Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarbawa, da Katsinawa da Nufawa. Galibi zolayar ba ta wuce gardamar wane ne bawa wane ne ubangida, gardamar da ba a taɓa yanke ta ba, ba a kuma so a yanke. A cikin dangi kuwa akwai wasan taubasai, watau ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda kan karɓi kuɗin shara a tsakaninsu cikin watan Muharram, da wasan jika da kaka, da na ƙanen miji da matar wa. A gidan biki, tsohuwa ɗaya da ta kira jikanta "maigida" ta tuhume shi da rowar cefane ta isa ta saki bakin ɗaki guda.

Masanin nan na Ingila, A. R. Radcliffe-Brown, ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a mujallar Africa cikin 1940, inda ya nuna cewa raini ne da al'ada ta halatta, wanda aka yi wa kuma ba shi da ikon yin fushi. Wannan sharaɗi na biyu shi ne ƙashin bayan al'amarin. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki abin da muhimmanci, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Wurin da Hausawa suka fi kusantar shiryayyen wasa irin na Turawa shi ne sayen baki. Daren da aka kai amarya, abokan ango sukan rako shi ɗaki su tarar da ita a lulluɓe, ƙawayenta sun kewaye ta, an ƙi amsa ko sallama sai an biya. Sai a shiga ciniki, ana tayi ana cewa albarka, ana gugar zana. Kuɗin ba su ne abin nema ba. Samari da 'yan matan da ɗazu ba su iya haɗa ido, kafin a sallama sun san wane ne mai baki, wace ce mai tsiwa, kuma ba sau ɗaya ba wani auren kan ƙullu daga nan.

Sai dai barkwanci yana da rauni inda wasan Turawa ba shi da shi. Wasan liyafa kowa yana iya shiga da zarar an bayyana dokarsa, shi kuwa barkwanci gado ne, kuma ba ya aiki sai ɓangarorin biyu sun san da shi. Baƙon da ba shi da abokin wasa a taron yakan zama ɗan kallo. Mafi muni shi ne yaron da ya tashi a babban birni bai taɓa jin cewa akwai wasa tsakanin ƙabilarsu da wata ba. Ran da wani Babarbare ya tare irin wannan ɗan Fulani a gaban jama'a ya kira shi bawansa, zagi tsagwaronsa zai ji, kuma maganar da aka yi don a saba tana iya ƙarewa a gaban mai unguwa.