Yadda Ake Walda da Nakiya a Ƙarƙashin Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai walda a Jega ko a bakin titin Aliero ya san yadda aikin yake: wuta ta narkar da bakin ƙarafa biyu, su gauraya, su huce su zama ɗaya. Wannan yana tafiya daidai idan ƙarafan iri ɗaya ne. Matsala tana farawa ne idan aka kawo baƙin ƙarfe na yin ƙofa, aka ce a haɗa shi da farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda ake kira sitenles.

Abin da ke hana sitenles tsatsa shi ne sinadarin kuromiyom da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Idan aka narkar da shi tare da baƙin ƙarfe da sandar walda ta yau da kullum, kuromiyom ɗin yana tsarkewa, mahaɗar ta yi tauri mai saurin tsagewa, daga baya kuma tsatsa ta kama ta. Akwai sanda ta musamman, lamba 309, da ke rage matsalar a ƙananan ayyuka. To amma idan faifan ƙarfe ne mai faɗin ɗaki ake so a lulluɓe fuskarsa gaba ɗaya fa?

A nan ne injiniyoyi suka koma ga nakiya. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka lura ɓarɓashin bam yana mannewa a jikin sulken ƙarfe kamar an yi masa walda. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya mayar da abin sana'a, ya samu takardar mallakar fasahar a 1964.

Ana shimfiɗa faifai mai kauri a ƙasa, a ɗora siriri a samansa da ɗan rata a tsakani, sannan a shimfiɗa abin fashewa a kan na saman. Ana kunna shi daga gefe guda, don haka fashewar tana tafiya ne daga wannan baki zuwa wancan, tana maka faifan sama a kan na ƙasa a karkace, da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa. A daidai inda suke karo, wani siririn feshin ƙarfe yana fita gaba, yana kankare tsatsa da datti daga fuskokin biyu. Ƙarfe mai tsabta ya haɗu da ƙarfe mai tsabta cikin matsi mai tsanani, sai su kama juna ba tare da jikinsu ya narke ba. Idan aka yanka faifan aka duba da madubin ƙara girma, mahaɗar tana fitowa kamar igiyar ruwa, haƙora sun shiga cikin juna.

Ina ruwa ya shigo? Mutane da yawa za su ɗauka don sanyaya wuta ne. Wannan ƙaramin amfani ne. Babban aikin ruwan shi ne dakon ƙarfi. Idan faifan sama siriri ne sosai, ko mai saurin karyewa, nakiyar da ke zaune a kansa kai tsaye yaga shi za ta yi. Masu bincike a Jami'ar Kumamoto ta Japan, ciki har da Farfesa Kazuyuki Hokamoto, sun inganta hanyar nisanta nakiyar da faifan, a bar ruwa a tsakaninsu. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikinsa, alhali a iska kusan 340 ne. Saboda haka bugun yana isa ko'ina a fuskar faifan daidai wa daida, kuma ana iya rage ƙarfinsa ko ƙara shi ta hanyar sauya nisan. Ratar da ke tsakanin faifan biyu kuwa toshe ta ake yi, domin ruwa ya shiga can aikin ya ɓaci.

Ribar a fili take. Tankin matatar mai ko na masana'antar taki yana buƙatar kauri don jure matsi, da fuskar ciki da sinadari ba zai ci ba. Maimakon a yi shi duka da sitenles mai tsada, sai a sa 'yan milimita na sitenles a kan baƙin ƙarfe mai araha. Masu ƙera jiragen ruwa ma da irin wannan haɗi suke ɗora ginin alminiyom a kan gangar jikin ƙarfe, duk da cewa alminiyom yana narkewa a digiri 660, ƙarfe kuwa sai wajen 1,500.

Wannan ba aikin rumfa ba ne. Abubuwan fashewa suna ƙarƙashin doka da lasisi a Najeriya, kuma ana yin aikin ne a keɓaɓɓen wuri nesa da gidaje. Ɗalibin injiniya a jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero zai fi cin moriyar fahimtar tushen: ƙarafa na iya haɗuwa ba tare da narkewa ba. Tunanin ya ma iso aljihu. A 2023 Apple ya ce firam ɗin iPhone 15 Pro taitaniyom ne a waje, alminiyom a ciki, an haɗa su da zafi da matsi suna daskare, sai dai a can babu nakiya.