Dashen haƙori nan take: abin da ya sa hoton WhatsApp bai isa a tsara aikin ba

Hatsarin babur kan raba matashi da haƙorin gaba. Wanda hakan ta same shi a Bagwai yakan biyo ta Bichi ya shigo Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen haƙori da muƙamuƙi. Cikin hanyoyin gyara akwai dashen nan take: a cire ragowar haƙorin, a ɗaura ɗan ƙarfen titaniyom mai kama da noti a cikin ƙashi a zama ɗaya. Tun 1965 aka fara dasa wa mutum irin wannan ƙarfe a Suwidin, amma yin sa ranar da aka cire haƙori ya dogara da hoton da aka ɗauka kafin aiki.

Abin da ke cikin muƙamuƙi

A muƙamuƙin ƙasa akwai wata jijiya da ke ratsa ƙashi ta ƙarƙashin turame, ita ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Idan ƙarfen ya taɓa ta, leɓe zai iya sagewa na watanni, wani lokaci har abada. Shi ya sa likitoci ke barin tazarar milimita 2 tsakaninsu.

A muƙamuƙin sama kuma akwai kogon iska a saman turame, wanda ba a so a huda. Ƙashin da ya rufe saiwar haƙoran gaba ta wajen leɓe sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Bayan cire haƙori ƙashin wurin yana motsewa, faɗinsa kan iya raguwa da kusan rabi cikin shekara guda.

Aikin na'urar CBCT

Hoton ƙashi na yau da kullum shimfiɗaɗɗe ne, yana nuna tsayi amma ba ya nuna kauri. Na'urar CBCT, wadda ta fito a ƙarshen shekarun 1990, tana zagaya kan mutum cikin ƙasa da minti ɗaya, sannan kwamfuta ta haɗa ɗaruruwan hotuna ta fitar da muƙamuƙin a siffar 3D. A cikin manhaja likita zai auna ƙashin, ya bi hanyar jijiyar, ya gwada ƙarfen a allo tun kafin ya taɓa baki. Dashen nan take yana buƙatar ƙashi lafiyayye na milimita 3 zuwa 5 a bayan ƙarshen saiwar, don ƙarfen ya kama da kyau. Idan babu, a kan fara cike ƙashin, a jira watanni.

Inda waya ke shigowa

Na'urar tana ajiye sakamakonta a fayil nau'in DICOM, wanda ke ɗauke da kowane yanki tare da ainihin ma'auninsa. Idan aka ɗauki allon asibiti da kyamarar waya aka tura ta WhatsApp, yanki ɗaya kaɗai ya tafi, an matse shi, ma'aunin kuma ya ɓace.

Don haka mai shirin dashe ya kula da waɗannan:

1. Ya nemi cikakken fayil ɗin DICOM a faifan CD ko filash.
2. Ya dunƙule shi zuwa ZIP, ya ɗora a Google Drive ko ya tura a matsayin fayil.
3. Ya roƙi likita ya nuna masa jijiyar da kaurin ƙashin a allo.
4. Ya faɗi gaskiya idan yana shan taba ko yana da ciwon suga, domin dukansu suna rage nasarar dashe.

Wanda ya riƙe fayil ɗinsa zai iya jin ra'ayin likita na biyu daga Bagwai, ba tare da ya sake biyan kuɗin mota da na hoto ba.