Mashin na Farko a Gida: Shawarwari ga Magidantan Wurno, Rabah da Goronyo

Da zarar an kwashe albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno da Lugu, ko an sayar da shinkafar rani ta ƙasan madatsar ruwan Goronyo, maganar sayen mashin takan taso a gidaje da yawa. Galibi saurayin gidan ne ke matsa lamba, amma kuɗin na kowa ne: akwai gumin maigida a ciki, akwai tunkiyar uwargida da aka kai kasuwar Achida. Aikin da mashin ɗin zai yi ma na kowa ne. Shi zai kai fetur ga injin ban-ruwa, shi zai kai mai naƙuda asibiti, shi zai ɗauko taki daga gari. Don haka nake ganin bai kamata a bar shawarar irin wanda za a saya, da irin kwalliyar da za a yi masa, a hannun mutum ɗaya ba.

1. Ƙaramin inji ya isa. Mashin mai cc 100 zuwa 125 zai yi duk aikin da gida ke bukata, kuma shi ya dace da hannun ɗan koyo. Ba shi da nauyin da zai gagari mutum ɗaya ɗagawa idan ya kwanta a cikin rairayi, ba ya fizgar mai shi idan ya murɗa totur da gaggawa, kuma shan mansa kaɗan ne. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan na ƙarshe ya zama abin da kowane magidanci ke lissafawa kullum. Iri biyu ne a gabanku. Akwai roba-roba irin su Lifan da Jincheng, waɗanda ba su da kulocin hannu. Tsatsonsu Super Cub ne da kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1958, wanda zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Suna da sauƙin koyo, sun dace da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da yawancin tafiyarsa a cikin gari take ko bisa kwalta. Akwai kuma masu tanki a gaba, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da TVS daga Indiya, da Daylong da Haojue. Cikinsu ya fi nisa da ƙasa, kujerarsu ta fi tsawo, sun fi jure gargada. Wanda hanyarsa ta kullum ita ce Rabah zuwa Gandi, ko Goronyo zuwa ƙauyukan bakin gulbi, wannan irin ya kamata ya duba. Kafin ku yanke hukunci, ku tambayi bakaniken garinku wane iri ya fi sani, kuma kayan wane iri ake samu a kusa ba sai an je Sakkwato ba. Akwai kuma dalilin da ya shafi halin da yankinmu ke ciki: babban mashin mai ƙarfi yana jawo idon ɓarayin daji, yana kuma jawo tambayoyi a shingen jami'an tsaro.

2. Kada kuɗin su ƙare a wurin saye. Ku ware na lamba da takardu, na hular kwano biyu, na baƙin mai sau biyu, da na kwaɗo mai kyau. Idan abin da ke hannu ba zai kai ga waɗannan ba, a ƙara haƙuri zuwa kaka. Idan kuma 'yan'uwa ne suka haɗa kuɗi, ko za a ba wani yaro ya yi kabu-kabu yana kawo wani abu kullum, a rubuta a gaban shaidu: na wane ne, wa ke zuba mai, wa ke biyan gyara idan ya lalace. Zumunci da yawa ya yi rauni a kan mashin da ba a fayyace mai shi ba.

3. Idan na hannu za ku saya, ku natsu sosai. Araha ba ta ado, kuma a wannan yanki mashin mai arahar da ta wuce hankali yana iya zama wanda aka ƙwace a hannun wani bawan Allah a hanyar gona. Ranar da mai shi ya gane abinsa, wanda aka kama da shi ne zai yi bayani. Ku nemi rasit na asali, ku duba da idonku cewa lambar inji da lambar jikin ƙarfen mashin sun yi daidai da abin da ke rubuce. Idan kun ga alamar an goge lamba ko an sake buga ta, ku tashi ku bar wurin ko nawa aka rage muku. Ku san mai sayarwa da garinsu, dillali ya zama sananne, a rubuta takardar ciniki da shaidu, in da hali mai unguwa ya sa hannu.

Sannan lafiyarsa. Ku je da bakanikenku, ba na mai sayarwa ba, kuma ku je da sassafe kafin a ɗumama injin, domin inji mai sanyi ne ke bayyana ciwonsa. Idan sai an yi ta bugawa kafin ya tashi, ko salansa na fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ringi sun gaji, yana ƙona baƙin mai. Ku leƙa ƙarƙashin tanki da kujera ku ga ko an taɓa yi wa ƙarfen walda. Ku tsaya a bayansa ku duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Mashin da ya taɓa yin mummunan karo yakan riƙa jan mutum gefe, kuma sabon fenti ba ya gyara wannan.

4. Ku yi masa lamba tun kafin ya fara yawo. Lasisin tuƙa mashin shi ne rukunin A, kuma sai mai shekara 18 ake ba shi. Takardun asali su zauna a gida, kwafinsu a cikin leda ƙarƙashin kujera, a kuma rubuta lambar inji a wani wuri daban. Dokokin hawa mashin a wannan yanki suna sauyawa da yanayin tsaro. A 2019 rundunar soja ta hana amfani da mashina a dazuzzukan jihohin arewa maso yamma, a watan Satumbar 2021 kuma gwamnatin jihar Sakkwato ta hana goyon mutum uku da sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar dare. Kafin tafiya mai nisa, ku tambayi 'yan ƙungiyar kabu-kabu abin da ake ciki a ranar, su ne ke fara ji.

5. Kilomita 500 na farko su ke shimfiɗa rayuwar inji. A wannan lokaci fistin da ringi suna goguwa da juna har su zauna, saboda haka ba a ƙure totur, ba a lafta kaya, ba a doguwar tafiya babu hutu. Na san zuciyar saurayi tana son ya gwada shi a miƙaƙƙen titin Achida zuwa Marnona tun ranar farko. Maigida ya hana. Bayan wannan tazara a zubar da baƙin man farko, domin yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe. Daga nan a riƙa canzawa a kan kari, gwargwadon abin da littafin mashin ya ce, a ma rage tazarar saboda ƙurarmu da zafinmu. Cikin waɗannan ƙananan injuna bai wuce kusan lita ɗaya ba, kuɗinta kuwa ba komai ba ne idan aka kwatanta da na injin da ya buga. Ku sayi baƙin mai a rufe, a fasa shi a gabanku, domin jabu ya yi yawa.

Iska ce ke sanyaya waɗannan injuna, ba ruwa ba. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lakar da ta bushe a tsakanin haƙarƙarin inji tana riƙe zafi, sai a wanke ta idan ya huce. A hunturu kuwa matatar iska ce ke shan wahala, a riƙa buɗe ta ana tsabtacewa. Sarƙa ta samu mai, kuma sassaucinta ya kai kimanin faɗin yatsu biyu.

6. Kwalliyar da ta cancanci kuɗinku. Ban ga laifin mutum ya ƙawata abin hawansa ba. Wanda ya yi wa mashin ɗinsa ado yakan fi kula da shi, kuma mashin mai alama ya fi wuyar ɓacewa a cikin ɗaruruwan irinsa ranar kasuwar Goronyo. Abin da nake so shi ne a fara da adon da ke aiki. Rigar kujera ta fata daga hannun dukawanmu, a ƙasar da jar fatar akuyarta ta yi suna har ƙetare, tana kare soso daga rana, ta fi ta roba daɗewa, kuma ba ta ƙona mutum idan mashin ya wuni a fili. Ƙarfen kariya a gaban inji yana tsare ƙafa da inji ranar faɗuwa. Kariyar baya mai ƙarfi ta ɗora kaya tana da amfani ga manomi, amma mai walda ya ɗaura ta da noti a wuraren da kamfani ya tanada, kada ya ƙona ta a jikin ƙarfen mashin, kada kuma ta zarce tayar baya da nisa, domin nauyi a can yana ɗaga kan mashin. A liƙa leda mai walƙiya a baya da gefe don direban mota ya hango ku da magariba. A sa faffaɗan matakin ƙafa a gefen hagu da raga mai rufe tayar baya saboda iyayenmu mata da ke zama a karkace. Sunan gari, ko wata addu'a, ko kalar da mutum ke so a jikin tanki, duk babu damuwa. Ku ma buga wata ɓoyayyar alama a wurin da ku kaɗai kuka sani.

7. Kwalliyar da ke cutarwa. Ta farko ita ce cire madubai, wadda samari suka mayar gayu. Mai mashin da ba ya ganin bayansa a titin Sakkwato zuwa Goronyo, inda manyan motocin albasa da na shanu ke wucewa, ya jefa kansa a haɗari da hannunsa. Ta biyu fasa salansa don ƙara. Ba ta ƙara wa ƙaramin inji gudun a-zo-a-gani, tana dai rikita daidaiton mai da iska, tana sa inji zafi. A ƙauyukan da mutane ke kwana da kunne a buɗe, ƙarar mashin da tsakar dare tana iya tayar da gari, mata su kwashi yara su yi daji. Wannan alhaki ne, kuma yana iya jawo wa mai mashin ɗin kansa abin da bai yi zato ba daga masu sintiri. Ta uku tara fitilu masu launi da rediyo da hon na babbar mota a kan ƙaramin batir. Ana yanka wayoyi ana haɗawa babu fiyus, kusa da tiyon fetur, daga nan gobara ke tashi. Idan ana son wurin cajin waya, mai gyaran wayoyin wutar mashin na gaskiya ya sa shi da fiyus. Fitilar gaba ta zama fara, ta baya ja, kuma kada a ɗaga ta tana kashe idon mai tahowa. Kada a rufe lamba da ado. Kada a yi fenti ko rigar kujera mai kama da kakin soja. Ledar da sabon mashin ke zuwa da ita ma a cire ta, domin tana tara ruwa da ƙura a ƙarƙashi, tana cin fentin da ake son karewa.

8. Hular kwano da goyo. Tun farkon 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, amma a garuruwanmu da ƙyar ake ganinta. Ana cewa zafi, ana cewa hula da rawani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Karaya a ƙafa tana da masu ɗori, rauni a kai kuwa sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma daga ƙauyen Rabah ko Goronyo wannan tafiya ce mai tsawo ga wanda ke zubar da jini. A sayi mai ɗauri a haɓa, a kuma ɗaure ta. Hular 'yan gini ba ta wannan aiki.

Uwargida, kafin mashin ya tashi ki tattara hijabi da bakin zane ki danne su a cinya. Sarƙa ko wayar taya idan ta kama ƙyalle, fizgo mutum take yi ƙasa nan take. A kula da ƙafar yara daga salansa mai zafi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba kada a ba shi makulli ko aiken kusa ne. Ɗan koyo ya fara a filin ƙwallo, ya saba da birkin gaba da na baya tare, ya yi makonni shi kaɗai kafin ya goya kowa.

9. Fadama, damina da dare. A cikin rairayi a sauko giya, a bar kan mashin ya sake, kada a danƙe birkin gaba. Buhun albasa a ɗaure shi a kwance, kusa da bayan matuƙi, sahu biyu ya fi lodi ɗaya da zai karya wayoyin taya. Ƙaya ta yi yawa a hanyoyin gona, don haka famfo da kayan faci su zauna a jikin mashin. Da damina, musamman idan an saki ruwa daga madatsar Goronyo, mashigin da kuka saba ratsawa yana iya sauyawa cikin dare ɗaya. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 sun san ƙarfin gulbin Rima. Ruwan da ya kai salansa ko yake gudu, a jira kwale-kwale. Idan mashin ya mutu a cikin ruwa, kada a yi ƙoƙarin tayar da shi. A kwance fulogi a fitar da ruwan, a busar da matatar iska, a canza baƙin mai idan ya koma fari-fari.

Da dare a shigar da shi zaure, a rufe makunnin fetur, a sa kwaɗo. Kada a bar shi yana aiki a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari mai tayar da hankali ba, kuma kada ya kwana kusa da murhu ko inda yara ke wasa da ashana. A tsara tafiya yadda za a dawo gida kafin faɗuwar rana, a faɗa wa mutanen gida hanyar da za a bi. Idan kuma aka yi rashin sa'a masu makami suka tare hanya, a sakar musu mashin, a kai rahoto ofishin 'yan sanda da wurin hakimi tare da kwafin takardu da lambar injin da aka ajiye a gida.